Tsohuwar manhajar shago, mutum huɗu a kan kwamfuta ɗaya: zai yiwu?

Abdul_MaiTaki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Muna da shagon sarin taki da iri da maganin feshi a Sabon Garin Zariya, na mahaifina ne, ni ke kula da lissafi. Tun 2009 muke aiki da wata manhaja da wani bawan Allah ya rubuta mana. Ita ke fitar da rasit, ita ke riƙe da lissafin sito da sunayen masu bashi. Wanda ya rubuta ta Allah ya yi masa rasuwa, kuma ba mu da asalin rubutun da ya haɗa ta da shi. Kwamfuta ɗaya take kai, shi ya sa in damina ta kama sai ka ga mai karɓar kuɗi da mai sito da ni duk muna jiran kujera ɗaya, manoma kuma sun cika ƙofa. Yanzu na sayi kwamfuta mai ƙarfi, Core i7 da RAM 16. So nake manhajar ta zauna a kanta, mu huɗu mu riƙa aiki lokaci guda, kowa da allonsa da kibod ɗinsa. An ce min ana yi. Ta yaya? Don Allah kar a ce in canza manhaja, Baba ya ce ba a zamaninsa ba.

Sadiq_PZ:
Wa'alaikumus salam. Wannan ai ba aiki ba ne. Kawo ta shagona, in sa mata RDP Wrapper, wata 'yar manhaja da ke sa Windows ya karɓi mutane da yawa lokaci guda, in buɗe wa kowa asusunsa, ka nemo tsofaffin laftof guda uku su riƙa shiga ta Remote Desktop, wato hanyar aiki da wata kwamfuta daga nesa. Kafin la'asar ka koma da abinka.

Injiniya_Samaru:
Sadiq, a hankali. Abdul ƙanena, tambayarka biyu ce ka haɗa su wuri ɗaya. Ta farko, yadda za a sa kwamfuta ɗaya ta karɓi mutum huɗu. Ta biyu, ko manhajar taku za ta yarda mutum huɗu su taɓa ta lokaci guda. Ta farkon kuɗi ne ke warware ta, ta biyun ce ke sa mutum kuka.

Windows 10 da 11 an gina su ne don mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Na Home ma ba ya karɓar Remote Desktop sam. Na Pro yana karɓa, amma da wani ya shigo daga nesa sai ya kulle wanda ke zaune a gabanta. Wanda aka yi don wannan aiki shi ne Windows Server da abin da ake kira Remote Desktop Services, wanda a da sunansa Terminal Services. A nan kowa na samun nasa shafin aiki a allo, amma duk aikin a cikin uwar kwamfutar ake yin sa, hoton allo kawai ke bin waya zuwa ga mai aiki.

Kafin mu je can, buɗe foldar da manhajar take ka faɗa mana irin fayilolin da ke ciki.

Abdul_MaiTaki:
Na gode Injiniya. Akwai masu ƙarewa da dbf da yawa, da cdx, da fpt. Akwai wani vfp9r.dll. Alamar manhajar kuma kan dila ne.

Hajara_Kongo:
Da Visual FoxPro 9 aka rubuta ta, wata manhajar haɗa rumbun bayanai ce. Ka yi sa'a ta wani ɓangaren. Microsoft sun daina kula da ita tun Janairun 2015, amma 32-bit ce, tana tashi lafiya a kan Windows na yanzu. Da FoxPro 2.6 ce ta zamanin DOS, da magana ta canza, don Windows mai 64-bit ba ya tayar da manhajar 16-bit, sai an bi ta vDos ko DOSBox, manhajojin da ke kwaikwayon DOS.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda marigayin ya rubuta ta. A FoxPro mai rubutu na iya buɗe tebur ɗin bayanai ya kulle shi don kansa kaɗai, ko ya buɗe shi ta yadda wasu za su iya shiga. Idan bai ce komai ba, FoxPro kullewa take yi. Wanda ya rubuta wa shago mai kwamfuta ɗaya sau da yawa ba ya damuwa da wannan, don bai taɓa zaton mutum na biyu ba. Idan haka ya yi, ko Windows Server na nawa ka saya, mutum na biyu na buɗewa za ta ce fayil yana hannun wani.

Ga gwaji kyauta, ba sai ka sayi komai ba. Kwafe foldar gaba ɗaya zuwa sabuwar kwamfutar, kar ka taɓa ta asalin. Buɗe asusu biyu. Shiga na farko, tayar da manhajar, buɗe shafin sayarwa ka bar shi a buɗe. Sai ka yi Switch user, kar ka fita, ka shiga na biyu ka tayar da ita. Ka sayar da buhu ɗaya na kaya iri ɗaya a kowane ɓangare, sannan ka duba lambar rasit da abin da ya rage a sito.

Sadiq_PZ:
Duk wannan dogon turanci ne. Na yi wa shaguna da yawa a PZ da Kwangila, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Injiniya_Samaru:
Ba su dawo ba ko sun tafi wajen wani? RDP Wrapper yana dogara ne da wani fayil na Windows mai suna termsrv.dll. Duk ranar da sabuntawa ta canza shi, sai a wayi gari mutum ɗaya kawai ke iya shiga, sai an nemo sabon saiti. Maganin da ku kuke yi shi ne ku kashe sabuntawa gaba ɗaya, ku kashe mai kama bairos don yana yi masa ihu. Kwamfutar da ke riƙe da bashin shekara goma sha biyar ce za a bari haka?

Malam_Tukur_KofarDoka:
Ni ba masanin kwamfuta ba ne, amma akwai abin da ban ji an taɓo ba. Idan masu abin sun ce ga sharaɗin da muka sayar a kai, mutum ɗaya, kai kuma ka danna ka ce ka yarda, sannan ka zagaya ka sa mutum huɗu, ina matsayin alƙawari? Kasuwa ce fa za a nemi abinci da ita.

Sadiq_PZ:
Allah gafarta Malam, da girmanka, in aka bi wannan layin rabin kwamfutocin garin nan sai an kashe su. Wa ya sayi Windows ɗin da ke kan tasa? Da dala ake sayen lasisin Server.

Malam_Tukur_KofarDoka:
Yawan masu yi ba ya halatta abu, ɗana. Ban ce na san hukuncin kowace kwamfuta ba. Cewa na yi wanda zai fara sabo, kuma yana da hali, ya tambaya kafin ya shiga.

Ummu_Ilham:
Malam ya yi gaskiya. Mai sayar da taki tirela-tirela ba zai ce lasisi ya gagare shi ba.

Abdul_MaiTaki:
Hajiya, tirelar ta masu kamfani ce, mu ribar buhu muke ci. Amma nawa ne lasisin, kuma me da me ake saya?

Injiniya_Samaru:
Farashi ba zan faɗa ba don yana bin dala, ka tambayi dillalai a Kaduna ko Kano. Abin da ake saya hawa uku ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai lasisin shi kansa Windows Server, wanda tun daga na 2016 ake lissafa shi da yawan ƙwaƙwalen da ke cikin injin, wato core, mafi ƙaranci 16. Akwai lasisin shiga na kowane mutum ko kowace na'ura, wato CAL. Sannan akwai wani CAL ɗin daban na Remote Desktop. Tunda ba ku da domain, wato tsarin da ke riƙe asusun kowa wuri ɗaya, na kowace na'ura za ka nema. Idan ka kunna Remote Desktop Services ba lasisi, zai ba ka kwana 120 yana aiki, daga nan ya rufe ƙofa. Na ga wanda aka haɗa wa a watan Maris, aka karɓi kuɗi aka tafi, bai san da wannan ba sai tsakiyar damina. Ba tare da Remote Desktop Services ba Server na barin mutum biyu su shiga, amma don masu kula da injin aka yi, ba don masu sayarwa ba.

In za ka sa manhaja a kan irin wannan injin, ka fara buga change user /install, in ka gama ka buga change user /execute. Tsofaffin manhajoji na son rubuta saitinsu wuri ɗaya, wannan ke taimaka wa Windows ya raba wa kowa nasa.

dan_Kwangila:
Ni ban gane wahalar ba. Tunda laftof uku za a saya ko ta yaya, me zai hana a raba foldar a netwok kowa ya buɗe manhajar daga tasa? Ba Server, ba lasisi, ba rigima da Malam.

Ummu_Ilham:
Wannan muka yi a makarantar da nake aikin akawu a Tudun Wada, da wata manhajar kuɗin makaranta, ita ma irin ta dila ce. Ta Wi-Fi aka haɗa mu. Duk sanda aka ɗauke wuta kafin janareto ya tashi, ko siginar ta yanke ana tsakiyar ajiye biya, sai lissafi ya birkice. Ka nemi sunan ɗalibi ta ce babu shi, alhali yana nan. Uba ya zo da rasit a hannu mu kuma allo na nuna bai biya ba. Kunya kawai. Daga baya wani ya mayar da komai kan inji ɗaya muna shiga daga nesa. Yanzu in laftof ɗina ya mutu, ina sake shiga nake tarar da shafin a inda na bar shi, har rabin sunan da na fara rubutawa.

Hajara_Kongo:
Abin da Hajiya ta gani fayilolin cdx ne suka lalace, su ne ke nuna wa manhaja inda kowane suna yake. Bayanan na nan, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace, shi ya sa umarnin REINDEX, mai sake gina su, ke gyarawa. FoxPro ba ta da wani mai tsaron rumbu a tsakiya kamar SQL Server. Kowace kwamfuta da hannunta take rubutu a cikin fayil ɗin ta waya, in wayar ta yanke a tsakiyar rubutu shi ke nan. Tun zuwan Vista da Server 2008 kuma, da sabon tsarin raba fayil na SMB2, masu FoxPro suka yi ta kuka da wannan saboda yadda kowace kwamfuta ke riƙe kwafin abin da ta karanta. Ba na cewa shawarar dan_Kwangila ba ta aiki. Da kebul mai kyau da UPS a kan kowace na'ura har da suwic, mutane sun yi shekaru a haka. Amma ta Wi-Fi kam a'a. Kuma ita ma sai manhajar ta ci wancan gwajin.

Baba_Wusasa:
Ku yaran yanzu ba ku san NComputing ba? Ƙananan akwatuna ne, ana maƙala su a bayan allo, a sa kibod da maus, kebul ɗin netwok ya tafi uwar kwamfuta. Da L300 muka haɗa ɗakin kwamfuta na wata sakandare. Ba fanka a cikinsu, ƙurar hunturu ba ta dame su, wutar da suke ci kaɗan ce, ƙaramin inbata ya ishe su. Yaron shago kuma ba zai sa a jaka ya tafi da shi gida kallon fim ba, don ba ya komai shi kaɗai. Microsoft ma sun taɓa yin nasu, MultiPoint Server, a 2010 da 2011 da 2012, suka sa shi cikin Server 2016, daga nan suka bar shi.

Abin da zan ja maka kunne a kai: ranar da uwar ta kwanta, kowa ya kwanta. A watan Afrilu, zafin Sabon Gari, shago mai rufin kwano, ga ƙurar taki. Taki na cin ƙarfe fa. Kar ka ajiye ta kusa da buhunan yuriya.

Injiniya_Samaru:
Baba ya kawo magana. Sai dai akwatin ba ya cire maganar lasisi, su ma masu shi Windows Server suke cewa a sa in mutane da yawa ne. Akwai kuma ASTER, wadda ke barin ka jona allo da kibod da yawa kai tsaye a jikin kwamfuta ɗaya. In duk a kanta ɗaya kuke zaune za ta yi. In sito na bayan gini, kebul ɗin USB ba ya wuce kamar mita 5 ba tare da ƙari ba.

Abdul_MaiTaki:
Sito na tsallaken layi ne, shago na uku daga namu.

Pinguin_Shika:
Ku bar wahalar da kanku. Linux kyauta ne, halal ne, mutum nawa kake so su shiga ba mai tambayarka. Sa Debian, wani nau'in Linux, sa xrdp don shiga daga nesa, tayar da manhajar da Wine, mai tayar da manhajojin Windows a kan Linux. Malam Tukur ya huta, aljihun Abdul ya huta.

Sadiq_PZ:
Ranar da ta ƙi buga rasit da ƙarfe bakwai na safe, kai za ka taso daga Shika? Duk layinmu ba mutum biyu da za su taɓa ta.

Pinguin_Shika:
Sai ku koya mana. Da haka aka fara komai.

Hajara_Kongo:
Wine na tayar da wasu manhajojin FoxPro, amma wajen buga takarda da kulle fayil tsakanin mutane da yawa sai an gwada sosai. Don koyo, bismillah. Don littafin bashin mutane, ni ba zan fara da shi ba. Tunda an zo maganar rasit, Abdul wace firinta ce?

Abdul_MaiTaki:
Epson LX-300, mai ƙara, mai takarda biyu. Kebul mai faɗi take amfani da shi. Sabuwar kwamfutar ma ba ta da ramin.

Hajara_Kongo:
To duba ko manhajar na barin ka zaɓi firinta ko kai tsaye take turawa LPT1, wato ramin kebul mai faɗin. In kai tsaye ne, za a raba firintar sannan a ɗaura ta da net use lpt1 a asusun kowa. Kuma a duba foxuser.dbf, fayil ɗin da take ajiye saitin mai aiki, da inda take zuba fayilolin wucin gadi. In duk mutum huɗu wuri ɗaya suke zubawa da suna ɗaya, rahoton wani zai fito a hannun wani. Ana gyara wannan a fayil ɗin saiti mai suna config.fpw, in marigayin bai dunƙule shi a cikin manhajar ba.

Alhaji_Gyallesu:
Gaisuwa ga mahaifinka, ka ce masa ina bayansa. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu an sa mu mun koma wata sabuwa ta intanet, kowane wata biya, ranar da netwok ya ɗauke kuma sai biro da takarda. Abu ɗaya nake so in tambayi masana: in aka yi wannan haɗin, zai iya duba ciniki daga gida a wayarsa?

Injiniya_Samaru:
Zai iya ranka ya daɗe, amma ba ta hanyar buɗe ƙofa ta 3389, wadda Remote Desktop ke bi, ga duniya ba. Masu kutse na yawo dare da rana suna gwada kalmar sirri a wannan ƙofar, kuma ta nan ake yawan shigo da bairos mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a Remote Desktop, BlueKeep, wadda ta sa Microsoft fitar da gyara har ga Windows XP da suka daina kulawa tun 2014. A sa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta intanet, irin WireGuard ko Tailscale, sannan a shiga. Kuma kowane dare a kwafe foldar bayan kowa ya fita daga manhajar, a filash biyu ana musanyawa, ɗaya na kwana a gida.

Abdul_MaiTaki:
Jama'a na yi gwajin Anti Hajara a kan kwafi. Ta buɗe a asusu biyun, ba ta yi ƙorafin komai ba, har na fara murna. Na sayar da buhun NPK ɗaya a nan, ɗaya a can. Rasit biyun lamba ɗaya suka ɗauka. Sito kuma buhu ɗaya ya ragu maimakon biyu. Amma da na bar shafin sayarwa a ɗaya, na shigar da sabon kaya da duba bashi a ɗayan, komai ya tafi daidai.

Hajara_Kongo:
Wannan ya fi ƙin buɗewa haɗari, don ba za ta faɗa maka ba. Tana karanta lamba ta ƙarshe da yawan kaya tun lokacin da aka buɗe shafi, ta riƙe a kanta, in an zo ajiyewa ta rubuta ba tare da ta sake dubawa ba. Kamar yara biyu ne suka leƙa littafi suka ga buhu 50, kowa ya sayar da ɗaya ya koma ya rubuta 49. Sake gwada wani abu: buɗe shafin sayar da NPK ka bar shi, a ɗayan ka shigar da sabon NPK ɗin, sannan ka koma ka kammala sayarwar. Ina zargin zai goge abin da mai sito ya shigar.

Sadiq_PZ:
To ai ko ni da na haɗa, haka za ta yi. Wannan ba laifin Wrapper ba ne.

Injiniya_Samaru:
Shi ne abin da muke faɗa tun farko, Sadiq. Bambancin, da ka haɗa ka karɓi kuɗinka, sai ƙarshen wata za a fara zargin yaron sito da satar taki.

Ummu_Ilham:
Innalillahi. Wannan kam gara layi.

dan_Kwangila:
Ba sai mutum ɗaya ya riƙa sayarwa ba, sauran su tsaya a dubawa da buga rahoto? Rabin cunkoson ai ya tafi.

Abdul_MaiTaki:
Zai rage, amma layin na wajen rasit ne. Masu sayarwa biyu nake buƙata daga Mayu zuwa Agusta. Ba yadda za a gyara lambar ba tare da asalin rubutun ba?

Hajara_Kongo:
Akwai ReFox, tana iya dawo da rubutun daga cikin manhajar in ba a kulle ta ba. Gyaran kansa ba shi da yawa: a kulle layin, a sake karantawa, a rubuta, a saki. Sai dai a duk inda take taɓa sito sai an bi an gyara, ba shafin sayarwa kaɗai ba. Kafin nan ku je wajen iyalan marigayin. Wataƙila tsohuwar kwamfutarsa na nan da rubutun a ciki.

Malam_Tukur_KofarDoka:
Ko ba ta nan ku je. In haƙƙin rubutun nasa ne, ya zama na magada, a nemi izininsu a ba su wani abu.

Alhaji_Gyallesu:
Ai wanda ya biya aka yi masa aiki shi ke da abu, Malam. Tela ba ya gadon rigar da ya ɗinka.

Malam_Tukur_KofarDoka:
Ya danganta da abin da suka yi yarjejeniya a kai, Alhaji. Abdul, akwai takarda?

Abdul_MaiTaki:
Sai na tambayi Baba, amma da wuya. Na san ƙaninsa na koyarwa a wajen Basawa, zan neme shi. Anti Hajara, in an samu rubutun, akwai mai FoxPro a garin nan ko sai Kaduna?

Baba_Wusasa:
Akwai, sai dai duk mun yi furfura. Ka fara yin gwaji na biyun da ta ce, ka kawo mana sakamako.

Pinguin_Shika:
In za a buɗe rubutun ai gara a kwashe dbf ɗin zuwa rumbun bayanai na PostgreSQL a huta gaba ɗaya.

Abdul_MaiTaki:
Kai ka zo ka faɗa wa Baba da bakinka. Yana shago daga tara zuwa azahar.